Raɗar Leliya Gergina

"Muryata ce, ba aro na yi ba!"

Cokalin da ke cikin kofin shayi sai da ya amsa. Todorka ta dafe ƙirji ta dubi tsohuwar da ke kwance a gado, wadda likita ya ce ƙarfinta ya ƙare.

"Leliya Gergina, don Allah a hankali. Raɗa fa ake ce wa aikin nan naki."

"Ai raɗar nake yi. Ke ce kika sake mantawa. A cikin wasan dagaci ya ce miki, 'Rage murya, mace,' ke kuma kin saki baki kina kallona. Koma farko, 'yar nan."

Tagar ɗakin a buɗe take. Daga tsakar gidan benen, inda mata suka kwana huɗu suna gasa tattasan ajiyar hunturu, maƙwabciyarsu Penka ta ɗago kai ta ce, "Ta kuma mantawa ne?"

"Ta kuma!" in ji tsohuwar. Dariya ta taso tare da hayaƙi har hawa na uku.

Shekara arba'in da shida Leliya Gergina ta yi tana zama a ɗan ramin da ke bakin dandamalin gidan karatu da wasanni na unguwarsu a garin Yambol, littafin wasa a cinya, tana tuna wa 'yan wasa abin da suka manta. Aiki ne na mai raɗa, sai dai ita ba a halicce ta da raɗa ba. Wanda ke kujerar ƙarshe yakan ji magana sau biyu, na farko daga rami, na biyu daga bakin ɗan wasa, kuma na farkon ya fi fita. An yi mita har an gaji. To wa zai kore ta? Ba wanda ya ɗauke ta aiki balle ya sallame ta. A gidan karatu kowa ɗan sa kai ne, daga mai koya wa yara rawa har mai share matakala.

Wannan makon kuwa unguwa ba ta zauna ba. Shekara uku zauren wasa na rufe saboda yoyon rufi, sai da mutane suka tuɓe riga da kansu suka gyara shi, direbobi da malamai da wani mai aski da ya kusa faɗowa daga tsani. Ranar Asabar za a buɗe da sabon wasan barkwanci. Babbar 'yar wasan ita ce Todorka, mai kwaɓa ƙullu a gidan burodi, shekararta hamsin da shida, ashirin daga ciki ta yi su tana guge kayan wasu a bayan labule. Ba ta taɓa hawa dandamali ba. Ta yarda ne kawai don ta san Leliya Gergina za ta kasance a rami. Sai ga shi tsohuwar ta kwanta. Shi ya sa kullum in ta tashi aiki take zuwa su yi bita a bakin gado, kuma tsoro ɗaya ne ke cinta: ta tsaya a gaban unguwa baki ɗaya, maganar ta gudu, ba mai miƙo mata.

Wuri ɗaya take tuntuɓe, kullum nan. Dalili kuwa, layin ba ya cikin bugun littafin. Leliya Gergina ce ta ƙara shi da fensir a gefe.

Ranar Laraba Bai Jelyo ya hawo yana haki, da takardar tallan wasan a naɗe a hamatarsa. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, shi ke shirya wasan, shi ne kuma dagacin cikinsa.

"Gergina, an gama magana. Maza huɗu za su ɗauko ki a kujera. Kujerun zaure sun ƙare tun jiya, har daga unguwar tsallaken kogi za su zo." Ya warware takardar. "Dubi, ga sunanki a ƙasa."

Ta gyara tabarau. "Ƙanana ne haruffan."

"Mai raɗa ce ke, ba liman ba."

"Jelyo, tun kana da gashi nake ceton ka a dandamali. Ka bar mini layina?"

"Na bar shi. Ba marubucin ne ya sa ba, amma na bar shi."

"To ka ji. Ko na shura, kada ku ɗaga wasan nan. Shekara uku ina jira, ba zan ƙara jira a ƙasa ba."

Suka yi dariya dukansu, har Todorka. Tsohuwar ta sa aka ɗauko mata shuɗiyar rigarta aka rataye a ƙofar kabad, don ta riƙa ganinta.

Da safiyar Alhamis Todorka ta shigo da banitsa, wato gasasshen ƙullu mai cuku a ciki, da zafinta a takarda, cuku na tsatsowa ta gefe. Abin da ya fara faɗa mata gaba shi ne shiru. Leliya Gergina na jingine da matashi, tabarau a kan hanci, littafin a buɗe a ƙirjinta, fensir ya gangaro cikin bargo. Todorka ta kira sau biyu. Sannan ta ajiye banitsar a kan tebur, ta zauna a bakin gadon ta yi kuka, kukan rashin maƙwabciya, da kuma wani na tsoro wanda ta ji kunyarsa.

Aka binne ta Juma'a. Kowa ya zo da furanni bibiyu ko hurhuɗu, domin cika ta matattu ce, mara ta masu rai. Aka raba dafaffiyar alkama da sukari, kowa ya karɓa yana cewa Allah ya gafarta mata. Takardar sanarwar rasuwa mai hotonta kuwa a ƙofar gidan karatu aka manna ta, kafaɗa da kafaɗa da tallan wasan.

A bakin maƙabarta Bai Jelyo ya ja Todorka gefe. "In kin ce a ɗaga, a ɗaga. Ba mai ganin laifinki."

Zuciyarta ta ce ta amsa da to. Bakinta ya ce, "Ka ji abin da ta ce, Bai Jelyo. Kana so ta taso?"

Saura wanda zai shiga rami. Penka ta gwada, gwiwoyinta suka ƙi. Mai aski ya leƙa, ya ga 'yar kujerar da matashin da ya lotsa daidai zaman mai shi, ya ce shi kam ba zai iya ba. Aka ajiye littafin a kan kujerar aka bar wurin.

Asabar tun ƙarfe huɗu layi ya kai bakin titi, alhali sai biyar za a fara. Mata sun sha kwalliya, hannuwansu na warin tattasai. Yara sun cika matakala, an aro kujeru daga ɗakin littattafai. Kowa ya shigo sai ya ɗaga kai ya nuna wa na kusa da shi gefen rufin da ya gyara. Da labule ya buɗe, tafi ya hana a fara magana.

Todorka ta fito. Maganar farko ta fita, aka yi dariya. Ta biyu, aka ƙara. Sai ta ji wani daɗi ya ratsa ta wanda ba ta taɓa ji ba, ta riƙe ƙugu ta tasa dagaci a gaba kan akuyar da ya ƙwace mata, zaure kamar zai tsage. Har ta manta da tsoro.

Bai Jelyo ya buga sanda ya ce, "Rage murya, mace."

Shi ke nan, kai ya ɗauke. Idonta ya sauka kan rami da kansa, ta ga 'yar kujera da littafi. Ba ta san ko numfashi nawa ta ja ba. Bai Jelyo na motsa baki, amma gashin bakin wasa ya rufe leɓensa. Ta ji ƙwalla na tahowa.

Sai wani sauti ya taso daga cikin zaure, ƙasa-ƙasa. Penka ce ta fara, matan tsakar gida suka kama, sannan mazajensu, da yaran matakala, duk wanda taga a buɗe ta koya wa wasan nan ko yana so ko ba ya so. Mutum ɗari biyu suna raɗa, a hankali, yadda mai aikin ba ta taɓa iyawa ba.

"Muryata ce, ba aro na yi ba."

Todorka ta share ido da bayan hannu. Ta cika ƙirji, ta juya wajen dagaci, ta sake shi yadda aka koya mata, har sai da sabon rufin ya amsa.

"Muryata ce, ba aro na yi ba!"

Zaure ya miƙe tsaye. Wasu na dariya, wasu na kuka, da yawa suna haɗawa. Bai Jelyo ya manta nasa layin, bai ko damu ba.

Sau biyar aka buɗe labule suna rusunawa. A na ƙarshe Penka ta miƙo mata jajayen furanni uku daga ƙasa, tana cewa, "Gobe ma sai mun zo, kada ki ce mun gama aiki."

Da mutane suka fita farfajiya ana ta hayaniya da raba abin sha, Todorka ta dawo ita kaɗai, ba ta ko cire kayan wasa ba. Ta durƙusa a bakin rami, ta zare furanni biyu ta ɗora a kan littafin, daidai wurin rubutun fensir. Ɗayan ya rage a hannunta.