Jan Tabo a Tafkin Auta

Ramatu ta durƙusa a bakin tafkin da burushi a hannu, tana hararar jan tabon nan. Jiya-jiyan nan ta goge shi, yau ga shi ya dawo a matakala ta biyu, daidai inda ya saba.

Tafkin na mijinta ne, Alhaji Ja'afaru, wanda kwangilar hanya ta ɗaga sa'ad da kuɗin fetur ya fara zubowa. A bayan gida ya haƙa shi, aka shafe da farin siminti, wai don baƙinsa 'yan Kano su gani. Mutanen Haɗeja kuwa me za su yi in ba dariya ba? Ga kogi kyauta, mutum ya gina nasa! Kuma ba mai shiga. Alhaji ɗan masunta ne, a ruwa ya girma, amma yanzu babban mutum ba ya tuɓe riga.

Ramatu ta gama sanin halin tabo. Kore gansakuka ce, a zuba garin magani ta mutu. Mai ruwan ƙasa na ganyen maina ne, lemun tsami ke cire shi. Na gindin tsani kuwa tsatsa ce. Amma wannan ja, kai, ya gagare ta.

"Ran Asabar baƙina za su zo," in ji Alhaji. "A gano mini abin da ke kawo shi."

* * *

Da safe ta fito ɗaukar buta, sai ta ji ana waƙa ƙasa-ƙasa. Inna Huseina ce, mahaifiyar Alhaji, mai kiransa Auta har yau, wadda ya ɗauko daga garinsu Guri ya ajiye a ɗakin baya kusa da injin wuta, inda baƙi ba sa leƙawa. Ta kwance ƙunshinta, ta tsoma ƙafafu a tafki, tana murje lalle a kan matakala.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Zo ki ji sanyi." Ta yi dariya. "Ni tun ina budurwa a kogi nake wanke lallena. Ruwan Auta dai ba kifi, ga warin asibiti, amma da babu gara ba daɗi."

Tausayi ya kama Ramatu. Tun da aka kawo tsohuwar ba ta taɓa jin dariyarta ba sai yau. Ta zauna ta tsoma nata ƙafafun, Inna ta shiga ba ta labarin ranar da Auta yana yaro ya damƙo kifin kurungu da hannu, ƙaya ta soke shi, yana kuka amma ya ƙi saki.

Da murnarta Ramatu ta tare mijin. "Alhaji, albishirinka! Ashe lallen Inna ne."

Ta zaci zai yi dariya. Ko murmushi bai yi ba. Yana son uwarsa, wannan ba musu, ba ta rasa nama ba, ba ta rasa atamfa ba.

"Yanzu da baƙi ne suka gan ta fa?" Ya kau da kai. "Kuma za ta iya zamewa."

Kafin la'asar an kewaye tafkin da waya, an sa kwaɗo. Ramatu ta yi ta cizon yatsa, da ta sani da ta ja bakinta ta ci gaba da gugarta.

* * *

Ran Asabar baƙi suka zo, suka yaba farin simintin. Washegari Ramatu ta buɗe kwaɗon, ta ɗebi ruwan tafkin a daro ta kai ɗakin baya.

Inna ta tsoma ƙafafu, da ƙyar suka shige. Ta murje lallenta, ba waƙa, ba labari, ruwan ya yi jawur.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," ta ce. "Ki kai shi can nesa ki zubar, kada ya ɓata wa Auta siminti."