Kwalli a Kan Maɓalli

Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa Malam Haladu ya kafa teburinsa a bakin sakatariyar Birnin Kudu, daga shi sai tafireta da benci. Tun lokacin ba ya duban abin da yake bugawa. Idonsa na kan takardar mai aiki, yatsu kuwa sun san hanyarsu. Da ribin tafireta ya yi wuya, har a Kano sai da cigiya, ya sayi kwamfuta ta hannu, ya kama ɗan shago. Mako biyu aiki na tafiya sumul.

Ran nan Alhaji Abdulsalami, shugaban direbobin layin Gwaram, ya kawo takardar roƙon a gyara musu tasha. Malam Haladu ya buga ta rat-rat, ya fitar, ya miƙa masa ko kallo bai yi ba. Alhaji ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Malam, wasiƙa na ce ka rubuta wa ciyaman, ba laya ba."

Layi huɗu na farko Turanci ne tsaf. Daga nan sai haruffan Larabci jere, babu kai babu gindi. Masu zaman benci suka yi ta dariya, Alhaji ya ce zai dawo ranar Alhamis bayan azahar, in ya sake ganin laya Dutse zai kai aikinsa. Kafin Alhamis ɗin abin ya sake faruwa sau uku.

Malam Haladu ya je asibiti aka gwada jininsa, aka ce ƙalau. Wannan bai kwantar masa da hankali ba. Ya dawo gida ya ce wa matarsa, Malama Barira, shi kam ya gama. Yatsun da suka ciyar da gidan nan shekara da shekaru sun fara yi masa ƙarya, gara ya rufe shago ya koma gonarsa ta Fagam tun kafin ruwa ya sauka.

Barira malamar Islamiyya ce. Ita ta sa mai sayar da kwamfutar ya zo bayan mako biyun nan ya saka mata Larabci, don ta riƙa buga tambayoyin jarrabawa ranar Alhamis da ba makaranta. Duk abin da ya nuna mata ta rubuta a bayan littafinta.

"Malam, maɓallan Alt da Shift kake dannawa tare. Su ke juya harshen."

"Ni? Me ya haɗa ni da Alt? Tafireta ba ta da shi, ban san shi ba, bai san ni ba."

"To shi dai ya san ka."

"Kya faɗa. Tsufa ne kawai, Malama, bar lallashina."

Ta je shagon ta zauna ta zuba wa hannunsa ido, amma saurinsa ya fi idonta, shi kuma yana nan kan rantsuwarsa.

Ranar Alhamis da hantsi, da ya fita gaisawa da mai shayi, ta ciro tandun kwallinta, ta kwaɓa kaɗan da ɗigon man kaɗe, ta shafa wa Alt ɗin hagu. Maɓallan baƙaƙe ne, ba mai ganewa. Da ya dawo ta tura masa takardar Alhaji.

"Buga ta sau ɗaya, ta bankwana. In ta lalace ni zan ɗaure maka kayan Fagam."

Ya zauna ba ransa ya so ba. Layi ɗaya, biyu, uku, sai yatsun suka ɗauki zafi, ya manta da kowa. Can sikirin ya juye Larabci. Ya ɗago ya gani, ya sauke numfashi, ya share goshinsa da hannun hagu.

Barira ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta miƙa masa ɗan madubin jakarta. Baƙin layi ne shar a goshinsa, babban yatsansa kuwa kamar ya tsoma shi a tawada.

"Wanda ba ku san juna ba ne ya gaishe ka," in ji ta.

Ya daɗe yana duban yatsan. Sai ya sake buga layi ɗaya a hankali, yana kallon hannunsa karo na farko cikin shekaru. Da ya kai ƙarshen layi, hannun hagu ya tashi da kansa yana laluben sandar da ake turawa a tafireta a koma sabon layi. Da bai same ta ba, ya faɗo a kusurwar kibod, ƙaramin yatsa kan Shift, babba kan Alt.

Malam Haladu ya fashe da dariya har da hawaye. "Ashe ba tsufa ba ne, kewar tsohuwar abokiya ce."

Barira ta buɗe littafinta, ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya har wurin da ake zaɓar maɓallan sauya harshe. Ta cire Alt da Shift gaba ɗaya, ta ce yanzu kowane harshe da lambarsa, sai an haɗa ta da Ctrl.

"Turancinka ɗaya, Larabcina biyu."

"A'a, ba wa Larabci ɗaya. Ya girme shi."

"Yau kuma? Jiya ai cewa ka yi shi ya kore ka daga gari."

"Jiya jiya ce."

Ya sake buga takardar. A ƙarshen kowane layi hannun na tashi ya faɗo inda ya saba, Turanci kuwa na nan bai motsa ba.

Bayan azahar Alhaji Abdulsalami ya shigo, ya karanta daga sama har ƙasa, ya gyaɗa kai. Sannan ya ƙura wa Malam Haladu ido. Alwala ba ta fitar da man kaɗen duka ba.

"Malam, kwalli a goshi? Sabon yayi ne?"

"Na Malama ne. In ka koma Gwaram ka biya ta Fagam, ka ce wa masu kula da gonata su fara shuka, kada su jira ni. Wa ke biye?"