Shanun Maikano a Talabijin ɗin Ashiru

Ni dai ban ce a sayo mana talabijin ba. Shekarata huɗu ina aikin rigakafin dabbobi da wata ƙungiya a Birnin Kudu, kuma 'yar kwamfutata ta laftof ta ishe ni, in mutum yana son ganin abu na juya masa ita ya leƙa. Amma da aka ce manya za su zo daga Dutse su ga aikin da muka yi a rugagen Gwaram, shugabarmu Madam Catherine ta ce ba za ta tara mutum goma sha biyu suna gwara kai a kan ɗan ƙaramin allo ba. Aka kawo ƙaton talabijin irin na zamani, wanda yake ɗauko abin da ke fuskar kwamfuta ba tare da an jona waya ba, aka kafe shi a bangon ofis. Da ta tambayi wanda zai haɗa, ni da ɗan karen iyayi na ce, "Wannan ai wasa ne."

Abin da ke cikin kwamfutar nan ba abin wasa ba ne. Duk wanda ya san makiyayi ya san ba ya faɗin yawan shanunsa, kamar yadda ba a ƙirga wa mutum 'ya'ya a gabansa. Ka tambayi mai garke uku, zai sunkuyar da kai ya ce, "'Yan ƙwarori ne, alhamdu lillahi." A da baki ake tsoro, da masu karɓar jangali. Yanzu kuwa wanda ya san yawan shanunka ya san abin da zai nema ranar da ya ɗauke maka ɗa. Mu kuma ba ma iya ɗauko allura sai mun san kai nawa za a yi wa.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Baba Maikano, wani dattijo da ya kafa ruga a bayan Kwandiko fiye da shekara talatin. Ya zauna har ya zama ɗan gari, yana noma dawa, jikokinsa ma Hausa ce a bakinsu. Sau biyar ina zuwa yana ba ni fura yana sallamata. Sai da ciwon huhu ya kashe masa shanu uku ya bar ni na shiga garken, shi ma sai da ya juya min baya.

"Ka ƙirga a cikinka, Kamalu, kada kunnena ya ji," in ji shi. Da na gama ya ce, "To wannan lissafin ina zai je?"

Na ce, "Daga ni sai wannan na'urar, Baba. Wallahi ba mai gani."

Don haka abin da na shirya wa baƙi jimla ce kawai, mazaɓa kaza shanu kaza, ba suna ko ɗaya. Sunayen suna cikin wani shafi nawa ni kaɗai.

Ranar ta faɗo ranar kasuwa. Tun ƙarfe goma na safe na zauna gwaji kafin baƙi su iso. Na danna inda ake neman talabijin, sai suna biyu suka fito iri ɗaya sak, haruffa da lambobi. Na ce a raina abin banza ne ya maimaita kansa, na danna na sama. Kwamfuta ta ɗan yi tunani, ta ce an haɗa. Na ɗaga kai, namu talabijin ɗin yana nan shuɗi fes, ko gezau.

Na yi tsaki. Na ce wataƙila sai an buɗe wani abu mai hoto sannan zai farka. Abin da ya fi kusa da hannuna shi ne shafin nan nawa, kuma da yake rugar Maikano ita ce abin alfaharina, ita na buɗe. Ga hotonsa tsaye da sanda. Ga adadi, ɗari biyu da goma sha huɗu. Ga kwatancen hanya da na rubuta da Hausa don kada na ɓata: a wuce Kwandiko, a bi gefen rafi, a saki hanya a wajen tsamiya biyu. Har da abin da nake rubutawa don na san ko zan taho da masu taya ni kamu: maza biyu ne a gidan, shi da ɗansa Buba. Na ƙara wa rubutun girma, na rage, na sake ƙarawa, ina hararar bango. Na tashi na zare wayar wuta na mayar. Na zagi wanda ya ƙera talabijin da wanda ya sayo shi, a hankali dai, don Madam tana ɗakin gaba.

Ina cikin wannan sai ga Ashiru ya leƙo da rimot a hannu. Shi ne mai gidan abincin da muka haɗa katanga da shi, inda direbobi da dillalan shanu suke cin shinkafa da wake ranar kasuwa.

"Malam Kamalu, ko kai ne ka shigo mana talabijin? Muna cikin kallo wani rubutun Turanci ya tare fuskar, na danna don ya tafi, sai ga wani Bafillace da sanda. Mutane sai dariya suke, wai sabon fim ne."

Na rufe kwamfutar da ƙarfin da na ji wani abu ya yi ƙara a ciki. Na ce, "Tun yaushe?"

"Ai an jima. Har na zuba wa mutum shida abinci."

Ban san lokacin da na ture shi na fita ba. Ashe talabijin irin namu ya saya, a shago ɗaya. Ga shi can a sama inda kowa zai gani, har wanda ke tsaye a bakin titi. Benci huɗu cike da mutane, rabi ban taɓa ganinsu ba. Na tsaya ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya kamar wanda aka yi wa sata, su kuma suna cin abincinsu. Wani dillali ya ɗago ya ce, "Malamin dabbobi, ashe Maikano haka ya tara? Mutumin da ke zuwa kasuwa da takalmin taya!" Aka kwashe da dariya.

Na ja Ashiru gefe na ce ya gaya min duk wanda ya zauna a nan.

"Haba Malam, ranar kasuwa? Wasu sun ci sun tafi. Akwai wasu biyu da suka zo a kan babur, ɗayan ya ɗaga waya saitin talabijin ɗin. Ban sani ba ko hoto ya ɗauka ko saƙo yake dubawa."

"'Yan ina ne?"

"Wallahi ban san su ba."

Na koma ofis na zauna. Zan faɗi gaskiya, abin da ya fara zuwa raina shi ne na yi shiru. Wa ya sani? Wataƙila mutumin saƙo yake dubawa. Wataƙila ko karatun boko bai iya ba. In na yi shiru kuma ba abin da ya faru, shi ke nan, na tsira da mutuncina. In kuma wani abu ya faru, wa zai ce daga nan ya fito? Da na ji wannan tunanin na biyu a cikin kaina sai na tsorata da kaina fiye da yadda na tsorata da masu babur.

Madam Catherine ta same ni zaune na dafe kai. Na gaya mata komai. Ta daɗe a Jigawa, Hausa ta zauna a bakinta, kuma ta san abin da fitar adadin nan yake nufi. Ba ta yi faɗa ba, wanda da ta yi da na fi jin daɗi.

"Yana da waya?"

"Babu sabis a wajen."

"To me kake jira? Bar min baƙin, ni zan san abin da zan gaya musu. Ɗauki babur."

Ban taɓa ganin nisan Gwaram ba sai ranar. Duk babur ɗin da ya taho a bayana sai na ji kamar su ne, duk wanda ya wuce ni da gudu sai na ce shi ke nan sun riga ni. Wasu mutum biyu da na gani tsaye a gindin bishiya suna shan rake, na kalle su har na kusa faɗawa rami. Bakina bai daina addu'a ba, amma ban san me nake karantawa ba. A Gwaram na tsaya na yi azahar, na yi ta a gaggauce irin wadda da mahaifina ya gani da ya ce na sake. Da na saki kwalta na kama hanyar Kwandiko sai na riƙa duba ƙasa, ina neman sawun taya sabo, kamar ni kaɗai ne mai babur a ƙasar.

Na isa bayan la'asar. Komai yana nan lafiya lau, kuma wannan ya fi komai karya min zuciya. Maruƙa suna ɗaure a igiyar dangwali. Dawa ta sunkuyar da kai, saura 'yan makonni a yanke. Inna Fatsuma, matar Maikano, tana ganina ta ce, "Lale da mai allura! Yau kuma ba jaka?" Ta shimfiɗa min tabarma ta kawo ƙwaryar fura. Shi kuma ya fito yana gyara rawani, muka shiga gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya, ina amsawa da "lafiya lau".

Ya dubi ƙwaryar da ban taɓa ba, ya dube ni. "Kamalu, wa ya mutu?"

Na faɗa masa. Na fara da bayanin yadda na'ura take aika hoto ta iska, na ga ina neman ɓuya ne a bayan bayanin, sai na bari. Na ce, "Baba, yawan shanunka, da hotonka, da hanyar gidan nan, da cewa ku biyu ne maza, duk sun fito a talabijin ɗin gidan abinci yau a Birnin Kudu. Ni na jawo. Hannuna ne."

Inna Fatsuma da ke bakin bukka ta ajiye muciyar da ke hannunta.

"Mutum nawa suka gani?" in ji Maikano.

"Ban sani ba."

"Ka san su?"

"Wasu. Wasu ban san su ba. An ce ɗaya ya ɗaga waya."

Ya gyaɗa kai a hankali. Na yi ta zuba, na ce wataƙila ba wanda ya kula, wataƙila mutanen kirki ne, za mu gaya wa mai gari, za mu gaya wa 'yan sintiri, ni ma zan iya zama a nan kwana biyu. Ya bar ni har na gaji don kaina.

"Wataƙila," in ji shi. "Kai za ka iya zama da wataƙila, ɗakinka da ƙofar ƙarfe. Bara ta wajen Bauchi ɓarayi sun je wa wani ɗan'uwana, shi shanunsa ko sittin ba su kai ba. Har yau matarsa ba ta magana." Ya juya ya ɗaga murya. "Fatsuma, aika a kira Buba ya kaɗo shanun. A fara kwance bukkoki."

"Malam, dawar fa?" in ji ta. "Ga kabarin 'yarmu Hapsatu a nan. Ga yara sun fara makaranta."

"A kwance bukkoki."

Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga sandar nan ya sauke min a baya, da na samu sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tashi ya shiga kwance maruƙa da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, yana naɗe igiyar a kafaɗa. Na miƙe zan taya shi, ya ɗaga min hannu, na koma na tsaya kamar turke. Ina tsaye Buba ya iso da garken, mata suka fara fito da ƙore da tukwane suna jerawa a ƙasa. Inna Fatsuma tana ɗaure kaya tana share ido da gefen mayafi, ba ta ƙara duban inda nake ba. Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu min wuri ɗaya irin na wannan yammacin ba.

Da na ga rana ta yi sanyi na matsa kusa da shi. Na ce, "Baba, saura allura ta biyu, in ba a yi ba ta farkon ta tashi a banza. Ina za ku nufa? Ko ina ne zan same ku."

Ya tsaya da igiya a hannu. Ya dube ni ba fushi a fuskarsa, irin duban da ake yi wa baƙon da ya tsaya tambayar hanya.

"Nan kusa ne, Malam," in ji shi. "Ka kama hanya tun da sauran rana."