Tsagar Haƙorin Piran Ditta

Shekara talatin da ɗaya Piran Ditta yana ɗinki a Multan ta Pakistan, bai taɓa yanke zare da almakashi ba. Da haƙori yake gutsure shi, har zaren ya sassaƙa masa tsaga a haƙorin gaba. Kowa ya sani, duk ƙarar almakashin da bai ci yadi ba, faɗa take saukewa a gidan mai shi. Shi kuwa da matarsa Sughran a gida, ba ya neman ƙari.

Kumburin dasashi ne ya kai shi asibiti. Ya tarar ana ƙirga mutanen da haƙoransu suka cinye ba tare da tsutsa ta taɓa su ba. Wata likita, Nusrat, tana leƙa bakuna tana rubutu: masu tauna supari, wato goron ƙasarsu, masu goge baki da garin bulo.

"Baba, kai ne na sittin da huɗu, kuma naka ya fi na kowa kyau," in ji ta.

Ta kashe masa baki da allura, ta wanke dasashin, ta cike tsagar kyauta.

Da ya koma shago ya ciji zare, zaren ya zame. Sallah saura kwana tara, kaya jibge. Ya ɗauki almakashi. A ranar, da azahar, Sughran ta tuno abin da uwarsa ta ce kan miyarta, uwar da ta shekara ashirin a ƙasa. Washegari ya yanke zare ɗari biyu, ta jefi akuya da butar shayi, ta ce da shi take.

Ya koma asibiti.

"'Yata, mayar mini da tsagata."

"Baba, gyara mutane suke zuwa nema."

"Ni a gyare na zo."

"Ai na riga na rubuta ka cikin waɗanda suka warke."

"Kina da miji?"

"Ina da shi."

"To Allah Ya ba shi almakashi."

Rana ta huɗu ya dawo gida ya tarar Sughran ta ɗaure akwatinta, tana jiran wanta ya zo daga Muzaffargarh ya tafi da ita. Ta dangwara masa gurasar da ta gasa cikin fushi, ta bushe kamar marfin tukunya. Ya gatsa. Abu ya yi ƙaras, cikon ya faɗo cikin miyar wake. Ya zaro zare daga bakin rigarsa, ya ciza, ya yanke.

Sughran ta dube shi ta ce, "Baban Shabbir, wannan ai ba ta ciyuwa. Bari in gasa maka wata." Ta zauna a kan akwatin tana murza ƙullu.

Bayan Sallah ya koma a duba dasashi. Nusrat ta leƙa, ta rubuta shi na casa'in da ɗaya. Da ta miƙa hannu wajen kayan ciko, ya rufe bakinsa ya ɗauki takalmansa.