Tuwon Jinin Kambai

Mma Fulera ta unguwar Lozells a Birmingham tsohuwa ce da ciwon gwiwa ya hana sakat, amma duk wanda ya san ta ya san gwiwa ba ta isa ta hana ta abin da ta sa gaba ba. Asabar ɗin bayan Babbar Sallah ta tuƙa tuwon masara, ta kaɗa miyar ayoyo, ta naɗe kula a zane, ta hau motar Manchester.

Zancen ya samo asali ne a garinsu, can arewacin Ghana, tun Turawa ba su san hanyar wurin ba. An yi wani sarki da ba ya jin maganar kowa sai ta bafadensa Kambai. Manyan fada suka ga mulki na neman suɓuce musu, sai suka sa wani jarumi, Saaka, ya soki Kambai a zauren fada. Kambai bai cika nan take ba. Da sarki ya rantse sai ya ƙarar da dangin Saaka, Kambai ya riƙe masa gefen riga, ya ce kada a taɓa kowa, gari ne zai kama da wuta. Namiji ke nan! Saaka kuwa kakan kakannin Fulera ne. Tun daga lokacin, duk shekara jinin Saaka ke kai wa jinin Kambai tuwo, kuma mai kaiwa ba ya zama sai an ci.

Da can abin da sauƙi. Jama'a kan taru a wani ɗakin taro a unguwar Sparkhill, nan Birmingham, Sunusi, jinin Kambai ɗaya tilo a ƙasar, ya ci ana ta raha. To, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka rufe ɗakin taron, aka rufe laburaren da Sunusi ke aiki. Ya koma unguwar Gorton a Manchester, ya daina ɗaga waya. Fulera ta sha alwashin ba a hannunta wannan al'ada za ta mutu ba.

Da Sunusi ya buɗe ƙofa ya ga kula, sai ya haɗe rai. Ya rame. A bayansa Fulera ta hango ledar gwangwanaye irin wadda ake raba wa mabuƙata, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Mma, tun daga Birmingham? Shigo ki zauna. Amma please, ni ba na buƙatar sadaka. I'm fine."

"Wa ya ce maka sadaka ce, ɗana?" in ji ta. Ta ajiye kula a tebur, ta ja da baya ta tsaya.

"Mma, maganar mutanen da suka mutu tun zamanin da? Council ta rufe hall, shi ke nan, ya wuce."

Sai Fulera ta fara kirarin Kambai a hankali, kamar yadda uwarta ta koya mata: wanda aka soka ya roƙa wa mai suka, wanda jininsa ya kashe wutar gari. Sunusi ya juya baya ya tsura wa taga ido, fushi da kunya sun cika shi. Ta kai ƙarshe, ta sake ɗaukowa daga farko. A zagaye na uku muryarta na nan daram, amma ƙafar hagu ta fara rawa. Kujera na gefenta, ko dafa ta ba ta yi ba.

Sunusi ya waiwayo ya ga ƙafar. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya je ya wanke hannu, ya buɗe kula, ya gutsuri tuwo ya dangwali miya.

"Don Allah ki zauna, Mma," in ji shi.

Fulera ta jira sai da ta ga ya haɗiye, sannan ta zube a kujera tana murza gwiwa.

"Ka ga halin gidanku," in ji ta. "Har yau ba ku iya ganin mu cikin wahala."

Sunusi ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ci, har sai da ya suɗe kular tas.