Hannun Yaya

Auta ya sake goge hannun da yake zanawa, har fuskar kwalin ta fara ɗayewa a wurin. Ya hure ɓurɓushin magogi, ya danna wayar da ya jingina da kofin shayi, malamar da ke koyar da zane a bidiyo ta sake ɗaukowa daga farko. Bai taɓa ganin fuskarta ba. Hannayenta kawai ake nunawa a bidiyon, da fensir da farar takarda, tana magana da yaren da ba ya jin ko rabinsa. Amma ya gane abin da take nufi: a fara zana tafin hannu kamar akwati, yatsu su biyo baya. Shi kafinta ne, akwati ba baƙonsa ba ne. Yatsun ne suka ƙi shi.

Matarsa ta zo wucewa da bokitin wanki, ta leƙa ta kan kafaɗarsa. Ta ce idanun sun yi kyau, gemun Yaya ma ya fito sak, amma hannun nan kamar an ɗora wa mutum ayaba biyar a kumatu. Ya ja layin ƙarshe, ya bi kansa da baƙin biro, ya ce ko ayaba ce yau sai ta isa inda aka aike ta.

Tun rasuwar mahaifinsu shi da Yayansa suke riƙe da shagon kafinta na gado, Yaya yana karɓar aiki, shi yana yanka. Ranar da abin ya faru, ƙofar wani mai otal ce ta ƙi shiga gurbinta. Yaya ne ya ba shi awon ta waya, kuma Yayan ya san haka. Amma da mai otal ya fara ɗaga murya, sai Yaya ya juyo ya wanke Auta da mari a gaban ma'aikata da masu wucewa. Auta ya tattara zartonsa da gudumarsa a akwati ya fita. Zafin marin ya huce kafin magariba. Abin da ya ƙi hucewa shi ne yadda dangi suka ɗauki zancen. Yaya ya ce musu ture shi kawai ya yi. Ma'aikata suka ce su lokacin sun ba da baya. Kawu ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Har yau babu mutum ɗaya a zuriyarsu da ya buɗe baki ya furta kalmar mari.

A cikin zaman banzan da ya biyo baya, tsakanin gyaran kujerun maƙwabta, ya ci karo da zanen manga a waya, irin na mutanen Japan, masu manyan idanu da gashi kamar ƙaya. A wani shafi ya ga an mari wani, ya ji marin a nasa kuncin. Nan take ya san abin da zai yi. Magana ana musunta ta, amma hoto kowa na da ido. Ya sayi fensir da magogi, ya zama ɗalibi da furfura a gemu. Ya koyi da'irar kai da layin da ke raba ta, ya koyi ido mai ɗigon haske a ciki. Da malamar ta nuna cewa masu wannan zane daga dama suke jera gidajen labari zuwa hagu, ya bi ta kamar yadda ya bi mahaifinsa ranar da ya fara riƙe zarto. Ta ce zane mai kyau ba ya bukatar rubutu, don haka bai sa ko harafi ba.

Gida huɗu ya yi a jere kan dogon kwali. A na dama, ga su nan su biyu suna aikin ƙofa cikin fara'a. Sai hannun Yaya a kan kuncinsa. Sai shi a bakin shago da akwatin kayan aiki, idanu cike da hawaye. A na ƙarshe, can hagu, shi kaɗai a ɗaki ya yi tagumi.

Ya fita tsakar gida inda haske ya fi, ya ɗauki hoton kwalin, ya tura shi zauren dangi na waya, inda ake sanar da haihuwa da rasuwa, inda surukan Yaya ma suke. Ya kife wayar, ya ce wa matarsa ta ƙaro masa shayi. Rabon da ya ji daɗin shayi haka har ya manta. Yana kurɓa yana hango fuskar Yaya a shago, yana hango ma'aikatan nan masu ba da baya suna miƙa wa juna waya.

Wayar ta fara kuka kafin kofin ya kai rabi. Gwaggo ce ta fara, da saƙon murya mai rawa, tana sa masa albarka, tana cewa dama ta san Autan yayanta ba mai riƙo ba ne. Babbar yayarsu mace ta rubuta cewa ya sa ta kuka a ofis. Kawu ya yi dogon jawabi, ya ce ƙaramin da ya fara neman sulhu ya fi babba girma, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Har surukin Yaya ya tambaya ko za a iya buga hoton a rataye a shago.

Auta ya miƙa wa matarsa wayar, ya tambaye ta ko dangin nasa sun haukace ne gaba ɗaya. Ta goge hannunta da bakin zaninta, ta karɓa, ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗora yatsa a gidan hagu, inda kowa ke fara karatu, ta bi da shi zuwa dama.

"Ga ka nan a ɗaki, kana kewar ɗan'uwanka," in ji ta a hankali. "Ga ka ka ɗauko kayanka ka koma shago kana kuka. Ga Yaya yana share maka hawaye. Ga ku nan kun koma aiki." Ta ɗago kai. "Baban yara, ai haƙuri ka ba shi."

Ya karɓe wayar. Gaskiyarta ne. Hannun da ya sha wahala a kansa kwance yake a kuncin, lagwas, babu ƙarfi ko kaɗan. Layukan nan da ake ja don nuna saurin bugu suna darasi na gaba, bai kai can ba. Kuma ido iri ɗaya kaɗai ya iya, don haka Yaya ma ya fito da manyan idanu masu taushi kamar na ɗan maraƙi.

Ya fara rubuta bayani. Ya rubuta cewa daga dama ake farawa. Ya duba jimlar, ya ga yadda za ta zauna a ƙarƙashin albarkar Gwaggo, ya ji kamar yana jin dariyar da za a yi, ta mutumin da ya ɗana tarko ya kama ƙafarsa. Yana cikin haka yayarsu ta kira ta ce Inna, mahaifiyarsu, na nemansa yanzu.

A bas ya samu wuri kusa da taga, kwalin a naɗe a kan cinyarsa. Duk hanya hannaye yake kallo: na kwandasta a kan ƙarfen ƙofa, na wata mata riƙe da jaka, na direba yana zagin mai babur. Kowane jaki a garin nan yana da hannu mai kyau, shi kaɗai ya kasa yin ɗaya.

Ya tarar da Inna a kan darduma, ta jingina da gado, tabaraunta a kan hanci. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta tambayi yara, ta tambayi tarin matarsa, sannan ta miƙo hannu. Ya warware kwalin ya ba ta. Inna ba ta yi boko ba, karatunta na haruffan Larabci ne, kuma idonta bai san wata hanya ba. Ya ga ƙwayar idon ta sauka a dama ta gangara hagu.

"Ni daga nan na fara," ta ce, ta taɓa gidan dama. "Na ga marin."

Kalmar da ya daɗe yana jira ke nan, kuma ta fito daga bakin da ya fi kowane nauyi.

"To ki faɗa musu, Inna."

"Ni na zana?"

"Kin san ya yi. Tun ranar kin sani."

"Na haife shi, na haife ka. Ko ba a gaya mini ba na sani." Ta cire tabarau ta ninke. Ta ce Yayansa ya kira ta ɗazu, ya kasa magana don kuka, abin da bai yi ba ko ranar jana'izar ubansu. Yana hanya yanzu. Ba ta ce Auta ya yafe ba, ba ta kuma ce ya yi shiru ba. Bakinsa nasa ne. In ya ga dama, da Yayan ya shigo ya kama yatsansa ya nuna masa ta inda ake farawa.

Auta ya tambaye ta ko ba ƙarya ba ce mutum ya karɓi albarka a kan haƙurin da bai bayar ba. Inna ta ce shi ne mai zurfin tunani a gidan, ita tsohuwa ce, ƙafarta ke ciwo.

Sallamar Yaya ta zo daga tsakar gida, da muryar nan da ke cika shago. Ya shigo da ƙurar katako a gashinsa, fensir maƙale a bayan kunne, idanunsa jajur. Ya gaida Inna a gurguje, ya juyo. Bai ambaci ƙofa ba, bai ambaci awo ba, bai ambaci mari ba.

"Autan Inna," ya ce. "Na gani. Ya wuce. Ni na yafe maka tuntuni. Bencinka na nan, ban bar kowa ya taɓa ba."

Ya miƙo hannun dama.

Kwalin na shimfiɗe a tsakaninsu. Auta ya dubi Inna, Inna ta dubi carbinta. Sai ya sa hannu biyu ya karɓi hannun, ya riƙe. Ya juya shi a hankali. Ashe tafin ba akwati ba ne sosai, ya fi faɗi ta wajen yatsu. Babban yatsa daga can ƙasa yake tasowa, kusa da wuyan hannu, ba daga gefe ba kamar yadda yake ta zanawa. Ga jijiyoyin da ke miƙewa in an buɗe shi da ƙarfi. Ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya da ido, yana adanawa.

Ganin ya ƙi saki, Yaya ya juya wajen Inna yana share ido da ɗaya hannun.

"Kin gani ko, Inna? Yaron nan ya yi kewata."

"Ɗan buɗe yatsun, Yaya," in ji Auta.