Buhun Taki a Ƙarƙashin Gado

Tun da Abdul-Manan ya sayi bijimai biyu, hirar ɗakinmu ta koma ta ciyawa. Mijina makanike ne a Magazin, unguwar masu gyaran motoci, hannunsa bai san fartanya ba. Amma wani abokinsa ya ara masa fili a bayan unguwar Atonsu, ya raba shi uku da waya, ya shuka ciyawa. Bijiman su cinye ɓangare ɗaya, a mai da su na gaba, wanda suka bari a watsa masa taki ya sake tohowa. Na haddace duk wannan, don da shi nake karyawa, da shi nake cin tuwo.

Ban damu ba, sai ranar da ya shigo da buhun takin zamani ya tura ƙarƙashin gado. Ɗaki ɗaya gare mu a gidan haya a Zongo, mu da 'yarmu Barkisu, wadda ba ta cika shekara biyu ba, kuma duk abin da hannunta ya kama baki yake zuwa.

Na ce, "Baban Barkisu, wannan fa? Ba can fili ne wurinsa ba?"

"Haba, Mubina! Malamin gona ya ce in bijimi ya lashi takin nan da yawa, sai dai wuƙa. Kin san su da lasar gishiri. Kuma ba a watsawa sai ƙasa ta jiƙa. Ruwa na sauka zan kwashe."

"To ita Barkisu ba ta da harshe ne?"

Ya yi dariya, ya ce ai 'yarsa mai hankali ce, ta gado shi.

Ruwa ya ƙi sauka. Kullum sai hadari ya haɗu ta wajen Suame, ya yi ta gurnani, ya watse. Ni kuwa na zama mai gadin buhu. In zan shiga wanka, sai na kai yarinya ɗakin maƙwabciya. In zan yi salla, sai na goya ta. Takin fari ne fat, tsaba-tsaba, ko ni babba in ba a faɗa mini ba zan ce sukari ne.

Ni koko nake sayarwa a ƙofar gida da safe, kuma da olonka nake auno sukarina, gwangwanin nan na awo. Barkisu ta san gwangwanin sarai, don nakan bar ta ta dangwala yatsa. Ashe wata rana da safe gogan naku ya ɗauki gwangwanin don ya ga nawa kowane ɓangare zai ci, aka kira shi a waya wata mota ta mutu a hanya, ya ajiye shi a ƙasa da taki a ciki ya fice.

Na leƙo ɗaki in duba ko Barkisu ta tashi daga barci. Na tarar da ita zaune dirshan, gwangwani tsakanin ƙafafunta, hannu duk fari, ta yamutsa fuska tana tofarwa.

Ban san lokacin da na sure ta ba. Na sa yatsa na ƙwaƙule bakin, na wanke, na bar tukunyar koko a titi na ruga asibiti ba takalmi. Nas ta duba ta, ta ce da alama rashin daɗinsa ya sa ba ta haɗiye da yawa ba, in yi ta ba ta ruwa, in sa mata ido.

Abdul-Manan ya iso da baƙin mai har gwiwar hannu. Ya rungume yarinya yana ta salati. Har na fara tausaya masa. Sai ya ɗago ya ce, "Wallahi yau zan ɗaure bakin buhun nan da waya, ko ke ba za ki iya kwancewa ba."

Ya koma aiki, na koma gida. Na goya Barkisu, na jawo buhun da kaina har tsakar gida, na tsai da mai aboboya, babur ɗin nan na ɗaukar kaya, muka nufi Magazin. A ƙofar garejinsu na sa aka sauke.

Wani tsohon makanike, Sumaila, ya leƙo daga ƙarƙashin mota. "Manan! Ga madam ta kawo maka abincin rana, buhu guda!"

Gareji ya ɗauki dariya. Mijina ya fito yana goge hannu, yana magana ƙasa-ƙasa. "Maman Barkisu, a gaban mutane? Nan ai ruwa zai dake shi, ya narke."

"Ruwan da kake jira? To ga shi zai same shi a kusa. Ka kai wa shanunka, ka kwana da shi a nan, ka dafa ka sha, duk ɗaya. Amma ɗakina ba zai ƙara shiga ba. In ya shiga, mu mun fita."

Ya dubi buhun, ya dubi yarinyar da ke barci a bayana. Can ya sunkuya ya saɓa shi a kafaɗa, ya nufi wata matacciyar tasi da ke jingine ba taya, ya buɗe but, wurin kaya na baya, ya jefa, ya nemo kwaɗo ya datse.

Na miƙa hannu. Ya ajiye mini makullin a tafi.